Ranar da Bubayero Ya Sauya Kira

An haifi Bubayero a wata ruga kudu da Gashua, kan hanyar Jakusko, shi ne na huɗu a ɗakinsu. Har ya kai shekara goma sha biyar bai taɓa zama a aji ba, bai kuma taɓa dukan ƙwallo ba. Shekarar da ciwon huhu ya shiga garkensu ya kashe fiye da rabi, sai mahaifinsa ya tura shi wurin ƙanensa da ke dillancin shanu a karar Gashua. Aikinsa riƙe igiya da kora dabbobi zuwa bakin mota. Da yamma idan kasuwa ta watse, samarin kara sukan kafa duwatsu bibbiyu a filin da ke bayan turaku su yi ta bugu har a kira Magariba. Da yake dogo ne kuma ba shi da gudu, sai suka ce ya tsaya a baya, inda ba zai ɓata wa kowa wasa ba. Ya tsaya a bayan, bai kuma sake barin wurin ba.

Karatu ya same shi da girma. Ya fara da ajin manya a wata firamare kusa da kara, ya zauna jarrabawar gama sakandare sau biyu kafin ya samu sakamakon da ake so. A tsakanin nan ya auri Rahima, 'yar wani mai bandar kifi a bakin kogi, suka haifi Rumaisa. Yana da shekara ashirin da tara ya shiga wata ƙaramar kwalejin horar da malamai a Gashua. 'Yan ajinsu duk sa'o'in ƙannensa ne, don haka tun makon farko suka sa masa Baffa.

Malam Mahmud, malamin motsa jiki kuma kocin kwalejin, ya gan shi ne a wasan da ake yi tsakanin sassa. Bayan an tashi ya kira shi gefe.

"Baffa, gudunka kamar na wanda ya ɗauko tulu a ka, amma ban ga wanda ya wuce ka ba. Yaya kake yi?"

"Malam, ba na bin ƙwallo, ba zan kamo ta ba. Ƙafar mai ita nake kallo, in riga ta zuwa."

Ranar ya ba shi riga mai lamba biyar.

A shekararsa ta farko suka je Nguru wasan kofin kwalejojin yankin, aka zuba musu huɗu ba ko ɗaya. Uku daga ciki wani siririn ɗan gaba ne ya ci, sunansa Hizbullahi, wanda in ya kwasa da gudu sai dai a bi shi da ido. Da suka dawo Malam Mahmud ya ce tunda ba za su iya tsere da irin wannan yaro ba, to za su koyi kama shi da satar gida. Dabarar ba ta da wuyar faɗa. 'Yan baya huɗu su jeru a layi ɗaya. Daidai lokacin da abokin hamayya zai turo ƙwallo gaba, Bubayero ya yi kira da ƙarfi, "Ku fito," su huɗun su taka gaba tare, su bar ɗan gaban a bayansu shi kaɗai, mai tuta ya ɗaga. Wata bakwai suna maimaita wannan a filin kwaleji mai yashi, har Gaji, abokin tsaron Bubayero a tsakiya, ya ce ko a kasuwa ya ji an ce a fito sai ƙafarsa ta motsa.

Ta kuwa yi musu aiki. A shekara ta biyu wasa biyar suka buga, ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragarsu. Wasan ƙarshe ya sake haɗa su da kwalejin Nguru, kuma a Nguru ɗin.

Suka tashi da hantsi a motar kwaleji. Rahima ta ƙulla masa soyayyen kifi a leda, ta ce masa, "Baban Rumaisa, ko ba ku ci ba, don Allah ka dawo min da ƙafafunka lafiya." Ya ce in Allah ya yarda. Bayan La'asar aka busa usur. Filin ya cika, mutane har kan katanga, 'yan babur sun jera a bayan raga suna ta danna ham.

Minti goma sha biyu da farawa, ɗan tsakiyar Nguru ya ɗaga kai zai turo. Bubayero ya yi kiransa, 'yan baya suka taka gaba. Sai Hizbullahi ya taka tare da su kamar shi ma nasu ne, wani kuma ya fito daga tsakiya a guje ya ratsa ta wurin da suka bari. Babu satar gida. Ya tarar da Nuraini mai tsaron gida shi kaɗai, ya gangara masa ita ta kusurwa. Ɗaya ba ko ɗaya.

Bayan minti takwas suka sake yin haka, ƙwallo ta daki turke. Kafin hutu suka yi na uku, Nuraini ya fito ya ture da gwiwa. Ta ɓangaren hagu kuma Madu, ɗan bayan da ya fi kowa ƙuruciya a cikinsu, ya sha yanka har ya fara tsoron matsowa. Da aka busa hutun rabin lokaci 'yan Gashua suka zube ƙarƙashin wata bishiyar maina a gefen fili, ba mai kallon wani.

Malam Mahmud ya fara magana a kan su ƙara sauri wajen fitowa. Bubayero ya bari ya kai aya, sannan ya ce, "Malam, a ba ni dama in ce wani abu."

"Faɗi, Baffa."

"Ba saurinmu ne ya gaza ba. Sun san kiran. Wani ya kalli wasanninmu ya gaya musu. Da na buɗe baki, ni nake ba wa na tsakiyarsu izinin tashi."

Kocin ya dube shi. "To mu bar dabarar? Ba mu da wata."

"Kada mu bar ta. Zan ci gaba da cewa ku fito, da ƙarfi ma fiye da ɗazu, amma in na faɗa kowa ya ja baya taku uku. Mai ratsowar zai zo ya tarar da mu a tsaye. In ina son mu fito da gaske, da Fulatanci zan faɗa. Waree. Ma'anarsa ku zo."

Gaji ya yi dariya, dariyar farko da aka ji tun da suka zauna. "Wata bakwai ana koya wa ƙafata abu ɗaya, yanzu cikin minti goma za a juya mata shi."

"In ka ji za ka rikice, kalli kafaɗata kawai. Inda na yi, bi ni."

Malam Mahmud ya sa su miƙe nan take. Suka jeru su huɗu a inuwar, Bubayero yana kira ƙasa-ƙasa don kada a ji, suna takawa gaba da baya. Sau biyu Madu ya yi kuskure, na uku ya daidaita. Kocin ya ƙara da nasa gyaran. Ya cire ɗaya daga cikin 'yan gabansa biyu, ya sa ɗan tsakiya mai ƙarfi ya tsaya gaban Madu, don kada a ƙara samun yaron shi kaɗai. Ya dafa kan Madu ya ce, "Ba sai ka ƙwace ba. Ka dai kora shi bakin layi, wani zai zo ya taya ka."

Da aka dawo, minti uku ba su cika ba Nguru suka ɗauko irin ta ɗazu. Bubayero ya ɗaga murya, "Ku fito." Mai ratsowa ya taho a guje, ya tarar da Gaji a gabansa, ƙwallo ta faɗo a ƙirjin Gaji kamar an aiko masa. Suka sake, Bubayero ya share da ka. A karo na uku Hizbullahi ya ga layin ba ya motsi, sai ya daina takawa baya, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Gaji yana jiran a turo. Bubayero ya ce, "Waree." Su huɗun suka taka gaba, tuta ta tashi. Cikin minti goma sha biyar sau huɗu aka kama shi. Ya fara yi wa mai tuta gardama, ya juya yana faɗa da 'yan tsakiyarsa, alƙali ya ba shi katin gargaɗi. Masu ham a bayan raga suka lafa.

Tunda baya ta zauna, sauran 'yan wasan Gashua suka samu zuciyar matsawa gaba. A minti na sittin da biyu suka samu bugun kwana. Bubayero ya tafi turken kusa, mutum biyu suka bi shi saboda tsawonsa, ƙwallo ta wuce ta kansu, Gaji ya sa mata goshi. Ɗaya da ɗaya.

Kocin Nguru ba yaro ba ne. Ya yi canji, ya sako wani farin saurayi mai dogon wuya a tsakiya. Bubayero ya dube shi sau ɗaya ya ji a jikinsa, amma ya ce bari ya gwada. Da ya ce waree, sai saurayin ya riƙe ƙwallon bai turo ba, ya bari suka gama fitowa, sannan ya ɗaga ta sama zuwa inda wani ke ratsowa daga dama. Nuraini ya yi tsalle ya taɓa ta da yatsu, ta goge sandar sama ta fita. Saurayin ya wuce ta gefen Bubayero yana murmushi, ya gaishe shi da Fulatanci, ya tambaye shi mutanen gida.

Bubayero ya amsa gaisuwar. Kafin a bugo kwanar ya tara mutanensa uku a bakin raga.

"An gama da kira. Daga yanzu ba Hausa ba Fulatanci, ba mai fita. Mu zauna a bakin da'irarmu. Gaji, Hizbullahi naka ne, ko ruwa ya je sha ka raka shi. Ni zan tsaya a bayanku in kwashe abin da ya zubo."

Ya juya wajen benci ya yi alama da tafin hannu ƙasa. Malam Mahmud ya gane, ya ɗaga masa babban yatsa, ya jawo 'yan tsakiya su ma suka sauko.

Minti ashirin da suka rage kusan duk a rabin filin Gashua aka buga su. Nguru suka samu bugun kwana har bakwai. Duk wadda aka ɗago sama, kan Bubayero take samu. Madu da ɗazu ke ja da baya, sau biyu ya kora mutuminsa har bakin layi ya fitar da ƙwallo. Da yake 'yan Nguru duk sun taho gaba, bayansu ya zama fili. Saura minti shida, Bubayero ya tare wata ƙwallo da ƙirji, maimakon ya watsar da ita sai ya ɗaga kai, ya hango ɗan gabansu guda ɗaya da ya rage yana tsaye a layin tsakiya. Ya aika masa doguwa. Yaron ya ruga, ya rage daga shi sai mai tsaron gida, ya yanke shi ya tura a raga. Biyu da ɗaya.

Ana cikin ƙarin lokaci Hizbullahi ya kuɓuce wa Gaji sau ɗaya tak. Ya buga, ta wuce Nuraini. Bubayero, wanda tun kafin a buga ya riga ya koma kan layin raga, ya sa fuska ya tare ta. Ya faɗi, jini na zuba daga leɓensa na sama, Madu ya share ƙwallon zuwa cikin 'yan kallo. Alƙali ya dubi agogo ya busa tashi.

'Yan Gashua suka yo kan Bubayero gaba ɗaya. Shi dai yana zaune a ƙasa yana taɓa haƙorinsa na gaba da ke girgiɗi, yana cewa su yi a hankali. Hizbullahi ya ratso cikinsu ya miƙa masa hannu ya tashe shi.

"Baffa, shekararka nawa don Allah?"

"Talatin da ɗaya."

Hizbullahi ya girgiza kai. "Gara ka gama karatun nan ka tafi, mu samu mu sha iska."

Suka tsaya a wani ƙauye kan hanya suka yi Magariba, kofin yana kan kujerar gaba an ɗaure shi da bel. Tun daga mashigar Gashua 'yan babur suka tarye su, aka rako motar har ƙofar kwaleji. Samarin kara suka zo da nasu ayarin, suna cewa ai su suka fara ajiye shi a baya. Rahima ta dubi kumburarren leɓen ta ce wannan kuma sai an gasa da ruwan zafi, ta ɗora tukunya.

Haƙorin bai tsaya ba, bayan mako biyu aka cire shi. Bubayero ya buga shekara ɗaya a gaba, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, sannan ya kammala karatu. Yanzu yana koyar da lissafi a wata firamare kan hanyar Dapchi, yana zuwa a babur ya dawo. Ranakun Laraba da Asabar da yamma Malam Mahmud yakan bar masa 'yan bayan kwaleji. Yakan jera su a yashi ya tsaya a bayansu da hularsa, ya sa su taka gaba su taka baya har sai ƙafafu takwas sun sauka lokaci ɗaya. A bara biyu daga cikin yaran da ya horar aka ɗauke su ƙungiyar jiha.