Gilasan Yaya Sanusi a Rumfar Inna

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Sanusi, amma har yau in hadari ya haɗo a garinmu Karakkai sai in tuna shi, in yi dariya ni kaɗai.

Malamin kimiyya ne a Gusau, yana binciken digiri a kan wani sinadari da ake kira ferobsikait. Ana shafa shi a gilashi, sai ya riƙa mayar da hasken rana lantarki kamar farantin sola, ga shi da sauƙin haɗawa. Aibinsa raki: ba ya jure laima da zafi, kwana kaɗan ya lalace. Yaya ya ce sai ya ga bayan rakin nan.

Wata damina ya jera 'yan gilasansa a kan rumfar da Innarmu ke shanya kuɓewa don ya ga ko za su jure ruwa da rana, yana zuwa duk Asabar ya auna ƙarfinsu. Aka yi wata guda ba su rage ba. Ranar har tsire ya sayo mana daga Bungudu. Muna cikin ci Inna ta ce, "Ai dole su yi kyau. In hadari ya taso ni ka kwashe su da kuɓewata, in ruhe su cikin ɗaki."

Yaya ya yi dariya har da hawaye. Washegari ya gaya wa mai duba aikinsa, shi Yaya ya soke sakamakon da hannunsa, ya koma farko. Ajali ya riga digirin. Inna ta riƙe abin a ranta, ta sha ce mini ita ta ɓata wa ɗanta aiki. Wannan ya daɗe yana damuna.

Da yana nan yau, da ya ga sola har a shagunan cajin waya na Tsafe, kuma na san da ya tsare mai shago da tambayoyi. Bai bar digiri ba, amma ya bar littafin awo wanda babu ƙarya a ciki, kuma daga nan wani abokin aikinsa ya ɗora.

Makon jiya abokin ya zo gaishe da Inna. Ya ce mata yanzu cikin manyan ayyukan masu binciken har da rufe sinadarin ruf kada laima ta taɓa shi, kuma gilasan sun fara daɗewa. Inna ta gyara mayafi tana murmushi.

"Ashe ban ɓata mishi ba," ta ce. "To ku dai ku riƙa ruhe su da kyau."