Kawu Labbo da Cinikin Memori

Duk wanda ya san Kawu Labbo a Sabon Garin Gusau ya san ba ya danna makunnin kwamfutarsa sai ya yi mata sallama. Idan ya danna kuma sai ya gyara zama ya ɗauko carbi, domin tsohuwa ce, kafin ta farka mutum ya ci tuwo ya wanke hannu. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Bungudu, kuma ina cikin masu yi masa dariya, Allah ya yafe mini.

Jim kaɗan bayan an ba mu jiha ya sayo ta ta hannu, ya jingine tafiretarsa. Abin da ke riƙe da gidansa shi ne buga takardun jarrabawar makarantunmu. Matsalar ita ce idan ya buɗe babban aiki sai kwamfutar ta tsaya tana gurnani. Kawu kan ce tunani take yi, kuma ba a katse wa mai tunani hanzari. Da hedimastanmu ya gaji, sai ya aiko ni in gaya masa cewa idan takardun wannan zango suka sake makara, zai mai da aikin wani sabon shago da aka buɗe.

Na kai shi wurin Injiniya Sande mai gyara. Sande ya ce a sauya kayan ciki da masu sauri a ƙara memori, wato abin da ke riƙe mata aiki yayin da take yi, ko kuma a sayi sabuwa. Kawu ya ce zancen sabuwa bai taso ba, wadda ya saba da ita yake so, kuma ba zai yi ciniki ba sai da dillali. Na ɗauka wasa ne. Washegari sai ga shi da amininsa Nomau, dillalin shanu daga Tsafe, har da sandarsa.

Sande ya miƙo memorin, ɗan siririn abu kamar mataji. Nomau ya ɗaga shi sama, ya duba haƙoran zinaren da ke jere a gefensa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi shekarunsa da hannu nawa ya bi. Sannan ya juya ga Kawu ya ce, "Labbo, haƙora dai sun cika, amma wanga abu ba shi da nama."

Sande ya rantse ba a auna shi da ƙiba. Nomau ya ce duk mai sayarwa haka yake cewa, kuma shi bai taɓa ƙulla cinikin bijimi ba sai ya ga tafiyarsa. Dole aka ɗaura kayan nan take, aka kunna, aka buɗe aiki mafi nauyi. Aikin ya buɗe kafin Nomau ya jingine sanda. Sai Nomau ya kama hannun Sande ya haɗa da na Kawu, aka yi albarka kamar an sayi bijimi.

Sharaɗi ɗaya Kawu ya kafa: kada a taɓa tsohon akwatin kwamfutar, duk da ya yi ja kuma gefensa a ɗaure yake da waya. Saboda haka duk wanda ya tambaya, cewa yake ba sauya ta aka yi ba, jinya ta yi ta warke.

Na zaci ya huta, ashe sabon ƙorafi ya samu. Da can masu kawo aiki kan zauna a benci suna jira, ya ji labarin damina a Mada da wanda ya yi aure a Wanke. Yanzu mutum na miƙa takarda sai a miƙo masa, ya yi godiya ya tafi. Ya ce mini an mai da masa shago tashar mota, kuma ni na ja.

Ranar da hedimasta ya zo da kansa, ya tarar an gama takardun jarrabawa tun kafin lokaci, an jera su a tebur. Ya miƙa hannu zai ɗauka, Kawu ya ɗora gwiwar hannu a kansu.

"Ranka ya daɗe, ita ta gama, ni ban gama ba. Zauna. Ina labarin gyaɗarka?"

Hedimasta ya zauna. Sai da aka kira la'asar ya tashi, kuma har Kawu ya bar duniya aikin bai bar shagonsa ba.

Ranar jana'izarsa malaman Bungudu mota guda suka yi, kowa da labarin yadda Kawu ya tsare shi da hira. Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa shi da abokan zama nagari. Mu kuma da muka yi ta tsokanarsa, Allah ya kyautata namu ƙarshen.