Akwatin da Ya Kashe wa Inna Baki

Ban yafe wa baƙin nan ba, kuma ba na jin zan yafe. Sun zo garinmu Sanyinna da akwatin ɗaukar magana, suka yi 'yan kwanakinsu suka tafi, suka bar mahaifiyata da bakin da babu mai sauraronsa. Wataƙila har suka mutu ba su san sun yi ba. Wannan bai rage mini komai ba.

A lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Aurena ya mutu, na dawo gida ina taya Inna daka da saƙar faifai. Inna ita ce ungozomar unguwarmu, amma ba don yankan cibi kaɗai ake nemanta ba. Ita ta san wa ya sha nonon wa. A ƙauye irin namu mace takan rasu wajen haihuwa, ko nononta ya ƙafe, sai a miƙa jaririn ga maƙwabciya. Shekaru su wuce, mutane su manta, yaran su girma su ga juna su ce suna so. Saboda haka kafin a kai goro, sai a turo wata dattijuwa wajen Inna. In ta ce babu nono tsakani, a ci gaba. In ta ce akwai, magana ta mutu nan take, ko ɗan wa ne. Abin da ya ba bakinta nauyi shi ne ba ta taɓa faɗin abin da idonta bai gani ba. In aka kawo mata ji-ta-ji-ta, sai ta ce, "Ba ni wurin," ta ci gaba da kaɗin audugarta.

Bayan an ɗebe gero, ɗan aiken mai gari ya zo ya ce ana neman tsofaffin matan da ba su yi boko ba. Wai wata Baturiya ce daga jami'a, da tafintanta, wani malami mai Hausar rediyo, suna bincike a kan yadda mutane ke tunani. Inna ba ta so zuwa ba, amma kiran mai gari ne. Na raka ta.

A zaure muka same su. Akwatin yana kan tabarma, da faifai biyu a samansa suna juyawa a hankali. Inna ta nuna shi da baki ta ce, "Mi wanga abu ka yi?"

Malamin ya ce, "Magana yake ajiyewa, Inna. Abin da kika faɗa ba ya ɓacewa."

Sai na ga ta gyara zama, ta ja mayafi, irin zaman da take yi in alƙali ya aiko a ɗauki shaidarta. A wajenta maganar da ba ta ɓacewa shaida ce, kuma za a tambaye ka ita ranar gobe.

Malamin ya ce, "Ki saurara da kyau. Duk garin da ke bakin gulbi, mutanensa suna cin kifi. Akwai wani gari can gabas, a bakin gulbi yake. Mutanensa suna cin kifi?"

"Wane gari?"

"Ba sai kin san sunansa ba."

"To ban sani ba. Ban taɓa zuwa gabas ba. Iyakata Tambuwal, sai Kebbe da nij je gaisuwar mutuwa."

"Amma ai na gaya miki, duk garin da ke bakin gulbi..."

"Kai kac ce. In ka je ka gani, faɗi da bakinka, ga akwatinka nan. Ni ba ni ɗaukar alhakin mutanen da ban gani ba. In akwai mai ƙyamar kifi cikinsu fa, yaro?"

Ya juya wa Baturiyar da Turanci, ta yi murmushi ta rubuta. Ya sake kawo wata, a kan matan wata ƙasa da duk suke saƙa, da wata mace 'yar ƙasar. Inna ta ce a kira matar ta faɗi da kanta. Haka suka yi ta yi har rana ta take. Sauran tsofaffin da aka kira tsoro ya kama su, kowace tambaya sai su ce i, a sallame su. Inna kaɗai ta tsaya. Baturiyar ma ta fi jin daɗin Inna, har sabulu ta ba ta.

Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta wannan ba. Maza sun taru a ƙofar zaure suna leƙe, suka roƙa a kunna musu su ji. Malamin ya kunna don ya faranta wa mai gari. Yana tsallake tambayoyin yana neman inda muryar tsohuwa take, sai ya zamana abin da ke fitowa shi ne muryar Inna a tsakiyar maza: ban sani ba, ban sani ba, ban gani ba. Zaure ya kwashe da dariya. Inna ta rufe fuska. Na ja hannunta muka fito.

Baƙin suka wuce Dogon Daji, labari ya zauna. Kafin kasuwa ta zagayo an riga an ce akwatin Turawa ya auna ƙwaƙwalwar tsofaffi, ya tarar ta ungozoma ta ruɗe. A bakin rijiya in aka tambayi mace ina guganta, sai ta karya wuya ta ce, "Ban sani ba, ban je gabas ba," a yi shewa. Na fasa wa wata tulu a kan haka, ban kuma yi nadama ba.

Sai da na girma na tsufa na gane abin da suke nema. So suke su ga ko mutumin da bai shiga aji ba zai karɓi magana yadda aka ba shi, ya fitar da abin da ke cikinta, ba tare da ya gani da ido ba. Tambaya ce mai kyau, ban ƙi ba. Jikata da ke jami'a ta ce da irin wannan binciken ake koya wa na'ura yin hujja. Allah ya ba su sa'a. Amma babu wanda ya tsaya a zauren nan ya gaya wa Inna cewa wasa ne na hankali, ba shaida ba. Babu kuma wanda ya tsaya ya gaya wa gari.

Da rani ɗan wani mai sayen hatsi ya nemi auren wata yarinya da ke zaune a bayan masallaci. Yaran suna son juna, iyaye sun yarda. Ba a turo kowa wajen Inna ba, ita ta ɗauki sandarta ta je, ni ina biye. Ta ce wa kawun yaron, "Ku dakata. Uwar yaron ga ta kwanta ciwo yana jariri, ni da hannuna nik kai shi ga matar da ta shayar da yarinyar ga. Har damina ta fita yana sha. Wa da ƙanwa na."

Matar da ta shayar ta riga ta rasu, uwar yaron ma haka. Kawun ya dubi mutanen da ke zaune ya ce, "Tsohuwar da aka tambaya ko ana cin kifi a bakin gulbi ta ce ba ta sani ba, ita za ta tuna mana abin da ya shekara ashirin?"

Aka yi dariya, har da waɗanda ita ta yanke musu cibi. Na ce masa abin da ba a rubutawa. Aka ce in ja uwata mu tafi, tsufa ne, a yi mata uzuri. Wannan uzurin ya fi dariyar ciwo.

Ranar da aka ɗaura auren Inna tana tsakar gida, ana jin kalangu daga nesa. Da la'asar wata mata ta shigo a ɓoye, tana son ta tambayi maganar ɗanta da wata yarinya. Na ji daɗi, na ce ashe da saura. Inna ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ku tai ku tambayi akwati," ta ce.

Da matar ta fita na ce, "Inna, kin san amsar."

"Na sani. In na faɗi a ƙi, zunubin ya ƙaru musu. Gara su yi cikin jahilci."

Daga ranar ba ta sake shiga maganar kowa ba, kuma na san a raina ba za ta sake ba. Na rasa wanda zan kama. Baƙin sun yi nisa, ban san sunan garinsu ba, ko an rubuta mini shi ba zan iya karantawa ba.

Matar malamin asibiti tana koya wa matan aure karatu a gidanta, cikin shirin yaƙi da jahilci, ni kuwa ina cikin masu yi musu ba'a. Ban sa rai karatun zai mayar wa Inna da komai ba. Da safe na share tsakar gida, na dama mata kunu, na naɗe tabarmata na tafi can na zauna a layin baya.