Kawu Tanko da Kukan Lasifika

Ku da kuka san Kawu Tanko kun san ba ya gwada makirfo irin na mutane. Sai ya kai baki kusa ya ce, "Gafara dai, da kowa ciki?" Sannan ya karkata kunne yana jiran amsa. Mu 'yan ƙungiyar waƙa dariya muke yi, har ranar da muka je Dirin Daji. Ya yi sallamarsa, ya saurara, ya gyaɗa kai ya ce, "To, sun ce mu matsa gabas." Su wa? Oho! Haka muka kwashi kaya cikin rana muka matsa, babu wanda ya iya tambaya.

Wan mahaifiyata ne, tsohon soja, shi ke kula da kayan sautinmu, kuma abu ɗaya ya tsana a duniya: wannan tsuwwar da lasifika ke yi mai tsinka kunne. Karatunsa kullum shi ne, makirfo da lasifika surukai ne, ba sa haɗa ido. Manyan lasifikoki su tsaya can gaba suna kallon jama'a. Ƙaramar ta ƙasa, wadda mawaƙi ke jin kansa da ita, ta zauna gabanka, gindin makirfo yana nuna ta. Sai ya ɗebo toka ya ja layi a ƙasa, wai iyakarmu ke nan.

Wani biki a Sakaba, babban baƙo ya karɓi makirfo, jawabi ya yi masa daɗi, ya tsallake tokar ya nufi gaban babbar lasifika. Wayyo! Jarirai suka fashe da kuka, awaki suka tsinke igiya. Mutumin ya juyo a fusace ya ce, "Kayan wane ne wannan?"

Kawu ya rusuna ya ce, "Ranka shi daɗe, ko kai ka faɗa ɗakin surukarka ba sallama, ihun ga za ka ji."

Akwai kuma Bitrus, mawaƙinmu mai son dunƙule kan makirfo cikin tafin hannu don gayu, abin da ke ta da tsuwwa nan take. Kawu ya yi magana har ya gaji. Rannan ya shafa wa kan makirfon dakakken barkono. Bitrus ya dunƙule, ya yi gumi, ya share ido. Ai kuwa sai hawaye!

"Baba, mi na yi maka?"

"Kuka ɗaya za a yi yau, ko naka ko na lasifika. Na zaɓi naka."

Sai da ciwo ya kwantar da shi a Dabai na san abin ba tsana ba ce kawai, tsoro ne. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ladi, ɗiyata, kukan ga ba na inji ba ne. Sau ɗaya na saurare shi har ƙarshe, wurin wata jana'iza, na ji ana kiran mamacin ya dawo. Ranar da za ku kai ni, kada ki bari lasifika ta yi kuka. Na gaji, kwanciya nake so." Na yi dariya don ya saki rai.

Ranar jana'izarsa, da rana tsaka, kukan da nake yi ya hana ni duba yadda masu hayar kaya suka jera su. Sai da na ɗaga murya na fara waƙa na ga ƙaramar lasifikar a gefena, bakinta yana kallon makirfo. Tsuwwar ta fara, siririya, tana hawa. Akwatin gawar Kawu yana gabana. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

Sai ɗif, ta ɗauke. Na duba ƙasa. Lasifikar ta koma gabana daidai gindin makirfo, ga sawun janta a ƙasa.

Na waiga wajen Bitrus. Ya raɗa mini, "Ba ke kika tura ta ba?"

"Da wace ƙafar?"

Muka rera waƙar nan har baitin ƙarshe, babu wanda ya motsa daga inda yake.

Kawu, ka yafe mana, har a ranarka sai da muka sa ka aiki. Allah Ya karɓe ka, Ya ba ka wuri mai shiru, kada kowa ya sake ta da kai. Amin.