Shekara Goma Sha Ɗaya a Teburin Inna

Ina jiran layi a wani shagon kwamfuta kusa da kasuwar Tudun Wada. A gabana akwai wata doguwar budurwa, mayafinta ya koɗe, har yanzu takalmin bautar ƙasa ne a ƙafarta. A takardar digirinta na hango sunanta, Bahijja. Gurbi take nema a wani babban kanti da ke horar da sababbin masu digiri.

Mai shagon ne ke cike mata fom. Da ya zo wurin da ake rubuta shekarun gogewar aiki, sai ya ce, "Nan sai mu sa babu."

"Sa shekara goma sha ɗaya, Malam."

"A ina?"

"Teburin Innata, layin 'yan atamfa."

Ya yi dariya. "Ba sa kallon wannan, ƙanwata."

Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar. Ina jin tun tana firamare take awon yadi in an tashi makaranta.

"Rubuta. In suna shakka, su ba ni kantin na wuni ɗaya su gani."

Ya dube ta, ya gyara zama, ya rubuta.