Shahon Goshin Motar Alhaji

Jama'a, abin da zan ba ku ɗin nan ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina tuƙa wani Alhaji dillalin albasa a Bodinga, ba zan kama sunansa ba don iyalinsa suna nan da ransu.

Alhaji yana da wata tsohuwar mota ta manya, ƙirar Turai, baƙa, doguwa, mai faɗin goshi, wadda in ka rufe ƙofarta sai ka ji dim har cikin ƙirjinka. A goshinta akwai ɗan shaho na ƙarfe a tsaye, tambarin kamfanin ke nan a da, kuma saboda masu ɗan hali Alhaji ya sa mai walda ya liƙe shi gam, ko da guduma sai ka sha wuya. Har kalandar kamfanin ta da tana rataye a shagonsa, ta yi jawur don tsufa, wani dattijon Bature ya kame a kujerar baya, direba ya buɗe masa ƙofa.

To, babban ɗansa Nasiru, ma'aikaci ne a Sakkwato, ya gaji da ganin uban a cikin akwala, sai ya sayo masa sabuwa ta kamfanin nan dai. Ashe tuni an sayar da kamfanin ga mutanen wata ƙasa, sun sake wa motar fasali, ta zama mulmulalliya kamar sabulu, ba ƙara ba hayaƙi, shahon ma sun kwantar da shi ya koma ɗan zane a manne. Nasiru ya nuna masa tallarta a waya, samari da 'yan mata suna ta tsalle-tsalle a bakin teku. Ni kam gaskiya raina ya biya, na gaji da turi. Alhaji ya kalla ya kalla, ya miƙa masa wayarsa.

Ya ce, "Allah shi yi ma albarka, amma wagga ba motata ba ta. Suna kaɗai sunka saye. Kuma in na shiga wagga, ƙaƙa Adda za ta gane ni?"

Adda yayarsa ce, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, tana zaune a Shagari, idonta ya daɗe da tafiya. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai mu kama hanya da gero da ɗan nama da goro, ba fashi ko ana ruwa. Tun muna kan kwana take jin kukan injin, kafin in tsaya ta lallaɓo bakin zaure da sandarta, ta kai hannu ta shafa shahon nan, sannan ta ce, "Auta, ka zaka?" Mutum da farar gemu har ƙirji, amma Auta take ce masa. Fiffiken shahon na dama har ya fi ɗan'uwansa ƙyalli saboda shafarta.

A wata damina motar ta buga, makanike ya sauke injin gaba ɗaya ya tafi da shi Sakkwato, muka tura gangar jikin ƙarƙashin dogon yaro muka rufa mata tamfol. A makon nan Alhaji ya kwanta, ciwon ajali, kafin Juma'a ta zagayo mun kai shi makwancinsa. Ita kuma Inna, haka nake kiran Addar tasa, hawan jini ya kayar da ita, malamin asibiti ya ce a kiyaye mata duk abin da zai girgiza ta. Sai dangi suka zauna suka yanke a ɓoye mata tukuna, har mutanen gidanta aka ja wa kunne.

Ranar Juma'a Nasiru ya miƙo mini makullin sabuwar motar, ya ce in kai mata kayanta kamar kullum, in ta tambaya in ce Alhaji ya yi tafiya.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni zan dubi tsohuwar nan in ce mata haka?"

Ya ce, "To ka hi son ka hwaɗa mata ta mutu a hannunka?"

Na karɓi makullin na kama hanya. Duk hanyar nan motar tana shuuu ba ko tari, ni da na yi ta kwaɗayinta sai na ji ta fita raina. In na yi ƙarya na cuci tsohuwa, in na faɗi gaskiya wataƙila na kashe ta, na rasa wadda zan kama har na shiga Shagari. Rana tsaka ce fa, an ɗan yi yayyafi, mutane duk sun dawo daga masallaci.

Da na karya kwanar lungunsu sai na ga sawun taya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sabo fil, ya je har ƙofar zaure ya tsaya, kuma ban ga inda ya juya ya fita ba. Na ce a raina ko wani ne ya zo dubiya. Na yi sallama na shiga, na same ta zaune a kan tabarma, wadda aka ce ko tashi ba ta iya yi, ta yafa mayafi, carbi a hannu ɗaya, ɗayan kuma a dunƙule a cinyarta.

Na durƙusa na ce, "Inna, ina wuni, ya jiki?"

Ta ce, "Ɗana, yau ka makara, ya riga ka. Na jiyo kukan motarshi, na ji rufe ƙofa, na hita na tarbe shi. Ya hwaɗa mini da bakinshi. Kak ka wahal da kanka da abin da sunka ce ka ce."

Ta buɗe hannun nan, sai ga shahon a tafinta, fiffiken dama yana ƙyalli. Ta ce ya ce ta riƙe, tunda ba ya ƙara zuwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta faɗi ba, sai ni ne na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, ita ce ma take ba ni haƙuri. Surukarta da ke jinyarta ta rantse mini ba wanda ya faɗa mata, tana madafa ta ji tsayuwar mota, ta ɗauka ni ne.

Ban san yadda na iso Bodinga ba. Ko gida ban shiga ba, na nufi gindin dogon yaro na yaye tamfol. Motar tana nan inda muka bar ta, na ɗaga murfin gaba, wayam, ba inji. Amma shaho babu, gurbinsa sumul, ba alamar zarto ba alamar guduma, ga ɗanyen taɓo a tayoyin nan huɗu. Na ɗora hannu a goshinta na ji ɗumi, irin na motar da ta sha hanya. Na kira Nasiru ya zo ya gani da idonsa, ya taɓa, ya janye hannu, har yau bai taɓa tayar mini da zancen ba.

Inna ta ƙara shekaru a duniya da shahon ɗaure a bakin zanenta. Ni dai ban ce aljani ba ne, ban ce wani abu ba ne, Allah ne masani. Amma har gobe in na ji an rufe ƙofar tsohuwar mota dim, sai tsigar jikina ta tashi. Ku da kuke da tsofaffi, in an yi musu rashi ku nemi mai hankali ya zauna ya faɗa musu a tsanake, ku daina ɓoyewa. In kun ƙi kai saƙon, ni na ga ranar da mai shi ya kai da kansa.