Kwasakwasa Mai Gadin Tafki

A bakin wutar banda kakata Yagana take yi mana tatsuniya, can Gashua, a shekarun da kifi ke da yawa har a rasa inda za a shanya shi. Hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai tashi. Ni take tsokana. "Matso, maigida, kai da ko tarwaɗa ɗaya ba ka taɓa kawo mini ba."

Akwai tatsuniyar da ba na so, ita kuwa ta fi son ta. Wai kifayen wani tafki ne suka gaji da ɓarnar zalɓe, suka ce a naɗa musu mai gadi. Sai ga kwasakwasa, babban tsuntsun nan na ruwa, jakar wuyansa cike har tana rinjayarsa. Karfasa ta ce, "Wannan ai ya ƙoshi, me zai yi da mu? A ba shi." Aka ba shi. Ya kori zalɓe kuwa. Daga nan ya toshe mashigar ruwa, wai don tsaro. Kullum da safe sai ya ce zai duba lafiyar jama'a, su shigo jaka ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Kaka, ba an ce ya ƙoshi ba?"

Ta juya kifi a kan waya. "Cikinsa ne ya ƙoshi, maigida. Ka taɓa jin jaka ta yi gyatsa?"

Yanzu ina Nguru, da furfurata, ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Rannan muna jiran malami, rediyon Modu, abokin zamana a benci, ya kawo labarin wani attajiri a Indonesiya. Ya tara kamfanoni, ya shiga jam'iyya, ya dafa wa mai neman mulki, aka ba shi minista. Modu ya ce, "Irinsu ake so. Mai kuɗi ba ya sata."

Ban san mutumin ba, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Amma maganar Modu ba sabuwa ba ce a kunnena. Da ita aka tallata mana wani Alhaji, babban dillalin banda, har ya hau kujera. Damina ba ta zagayo ba aka kewaye tafkin da ubanmu ya yi su a ciki, aka ce za a raya kifi. Motocin Alhaji ne ke kwashewa. Ƙanena Bukar, da 'ya'ya cike da gida, ya rataye komarsa ta kamun kifi ya karɓi aikin gadin shingen. Kwanan baya ya ƙwace tarun ɗan kawunmu. Ba sa gaisawa ko a masallaci.

Da ina yaro kwasakwasa nake jin haushi. Yanzu na ga shi halinsa ya yi, bai taɓa ɓoye jakarsa ba. Karfasa ce nake ƙyama, wadda ta ga jakar da idonta ta ce alamar amana ce.

Alhaji yana neman kujerar gaba. Hotonsa na manne a jikin babur ɗin Modu.